Juliya Child, matar da ta koya wa Amurkawa girkin Faransa

Kowace ƙasa da irin abincinta, kowane abinci kuma da hanyar dafa shi. A ƙasar Hausa ana tuƙa tuwo, a kaɗa miya, a dama fura. A ƙasar Sin shinkafa ce kan gaba. Faransawa kuwa tun da daɗewa suka yi suna a duniya wajen iya girki. Sarakunan Turai da manyan attajirai, in suna neman kuku, Bafaranshe suke nema.

Amma fa wannan girki ya daɗe yana ɓoye a cikin manyan otel da gidajen masu kuɗi. A Amurka, matan gida suna jin labarinsa, suna kuma jin tsoronsa. Suna tsammani sai wanda aka haifa a Faransa zai iya shi. Wata mace ce ta fitar musu da wannan tsoro. Ba Bafaranshiya ba ce, ba ƴar kuku ba ce, kuma har ta wuce shekara talatin ba ta iya dafa abin kirki ba. Sunanta Juliya Child.

Ƙuruciyarta

An haifi Juliya ran 15 ga watan Agusta na shekarar 1912, a garin Pasadena, cikin jihar Kaliforniya, can yammacin Amurka. Ita ce ƴar fari. Tana da ƙane ɗaya da ƙanwa ɗaya. Ubansu mai dukiya ne, yana da filaye da gonaki. A gidansu akwai kuku da ake biya, saboda haka Juliya ba ta da aikin yi a madafa. Yarinyar ƙasar Hausa mai shekara goma ta iya hura wuta, ta iya daka, ta san lokacin da ruwan tuwo ya isa talge. Juliya a wannan shekara ba ta san ko ɗaya ba. Abin da ta sani shi ne ci, kuma tana ci sosai.

Ta tashi doguwa ƙwarai. Da ta gama girma, tsayinta ya kai metir 1 da santimetir 88, ta fi yawancin maza. Tana son wasanni, musamman ƙwallon kwando. Ta yi karatun tarihi a wata babbar makaranta ta mata zalla mai suna Smith, ta gama a 1934. Burinta ta zama marubuciya. Ta tafi birnin Niyok, ta samu aikin rubuta talla a wani kantin kujeru da gadaje. Aikin bai kai ta ko'ina ba, ta koma gida.

A watan Disamba na 1941 Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. Juliya ta nemi shiga rundunar soja ta mata, aka ce ta yi tsawo da yawa. Sai ta shiga wata ma'aikata ta leƙen asiri da ake kira OSS, a 1942. Ta fara da buga takardu a keken rubutu. Daga nan aka sa ta cikin masu neman maganin wani kifi na teku mai suna shak. Wannan kifi ƙato ne, haƙoransa kamar zarto, yana cin mutane. In jirgi ya nutse, ko jirgin sama ya faɗa teku, shi ne babban abin tsoron sojan da ke cikin ruwa. Suka yi ta haɗa magunguna, suna neman wanda warinsa zai kore shi. Daga baya mutane suka riƙa raha, suna cewa ai wannan ne girkin Juliya na farko.

A 1944 aka tura ta tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka. Ita ce mai kula da takardun sirri. Can ta gamu da Pol Child, mai zanen taswira, wanda ya girme ta da shekara goma. Pol ya taɓa zama a Paris, yana jin faransanci, ya kuma san daɗin abinci. Da aka maida su ƙasar Sin, shi ya riƙa kai ta gidajen abinci, yana nuna mata yadda ake ɗanɗana abu a gane abin da ke cikinsa. Bayan yaƙi suka koma gida, aka ɗaura musu aure ran 1 ga Satumba 1946.

Amarya ta so ta burge ango. Ta ɗauki littafin girki, ta zaɓi abu mai wuya, ta dafa masa ƙwaƙwalwa. Abin bai yi kyan gani ba, bai kuma yi daɗin ci ba. Pol ya yi dariya, ya yi haƙuri.

Kifin birnin Rouen

A 1948 gwamnatin Amurka ta tura Pol aiki a ofishin jakadancinta na Paris. Ran 3 ga Nuwamba jirgin ruwansu ya tsaya a tashar Le Havre. Suka shiga motarsu, suka kama hanyar Paris. Da rana ta yi, yunwa ta kama su a birnin Rouen. Suka shiga wani tsohon gidan abinci mai suna La Couronne, wato kambin sarauta.

Pol ya ce a kawo musu wani kifi da Faransawa ke kira sole. Kifi ne mai faɗi, marar kauri, yana kwanciya a ƙarƙashin teku. Yadda ake dafa shi ba wuya. Ana barbaɗa masa garin alkama, a soya shi cikin man shanu, a matsa lemun tsami, a zuba ɗan ganye mai ƙamshi. Ana kiran wannan girki sole meunière. Kalmar meunière tana nufin matar mai niƙa, saboda garin da ake barbaɗawa. Ke nan kaya huɗu ko biyar ne kawai. Amma kifin sabo ne, man mai kyau ne, kukun kuma ya san daidai lokacin da zai sauke. Juliya ta kai loma ɗaya, ta yi shiru. Ba ta taɓa sanin abinci yana iya yin daɗi haka ba. Har ta tsufa tana ba da labarin wannan rana. Lokacin tana da shekara 36.

A Paris ta fara da koyon faransanci, don ba ta jin kome sai ƴan kalmomin makaranta. Faransa ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba, abubuwa da yawa suna ƙaranci. Duk da haka kasuwanni suna ci. Juliya ta riƙa ɗaukar kwandonta kowace safiya. Takan tsaya wurin mai kayan miya, ta tsaya wurin mahauci, ta tsaya wurin mai kifi, tana tambaya. Yaya ake gane kaza ƙarama da tsohuwa? Wane dankali ne na soyawa, wane ne na dafawa? Ƴan kasuwa suka saba da doguwar Ba'amurkiya mai yawan tambaya, suka riƙa koya mata. A nan harshenta ya buɗe.

Makarantar Cordon Bleu

A Paris akwai wata makarantar koyon girki da aka buɗe tun 1895. Sunanta Le Cordon Bleu, wato shuɗin zare. A Faransa, in an ce wane cordon bleu ne, ana nufin gwanin girki ne. Juliya ta shiga wannan makaranta a watan Oktoba na 1949. Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilmi. Juliya ba ta da gemu, amma ta koma aji tana da shekara 37.

Da farko aka sa ta ajin matan gida. Ta ga abin da ake koyarwa ya yi mata kaɗan, ta roƙa a canza mata. Aka kai ta wani aji a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tare da tsofaffin sojan Amurka goma sha ɗaya masu son zama kuku. Ita kaɗai ce mace. Malaminsu wani dattijo ne, Max Bugnard, wanda ya yi aiki a Landan tare da Auguste Escoffier, babban kukun Faransa na zamaninsa. Ana shiga aji da sassafe. In an tashi, Juliya ta ruga gida ta dafa wa Pol abin da ta koya. Da la'asar ta koma kallon manyan kuku suna nuna aikinsu.

Wata rana malamin ya ce ta soya ƙwai. Ta kaɗa shi da ƙarfi, ta zuba cikin kasko mai zafi ƙwarai, nan da nan ya ƙandare. Malamin ya girgiza kai. Ya fasa nasa, ya motsa a hankali, ya rage wuta, ya riƙa juyawa sannu sannu har ƙwan ya yi laushi kamar kindirmo, sa'an nan ya ƙara ɗan man shanu. Juliya ta gane cewa ko ƙwai yana da ƙa'ida.

To, mene ne asirin girkin Faransa? Ba tsafi ba ne, ƙa'idodi ne da ake koyo ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne romo. Ana zuba ƙashi da nama da albasa da karas cikin ruwa, a bar su kan ƙaramar wuta awa da awa, ana kwashe kumfa, sa'an nan a tace. Wannan romo shi ne uwar miya. Na biyu shi ne abin da ke sa miya kauri. A ƙasar Hausa kuka da kuɓewa ke wannan aiki. Faransawa kuwa suna narkar da man shanu, su zuba garin alkama, su juya minti biyu ko uku don ɗanyen warin garin ya fita. In aka zuba madara a kai, an samu farar miya da suke kira béchamel. In aka zuba romo, an samu wata mai suna velouté. Daga waɗannan, in an ƙara cuku, ko ƙwai, ko albasa, sai a samu miya iri iri. Wanda ya riƙe uwar, ƴaƴan ba za su gagare shi ba.

Akwai kuma mayonez, wanda ake shafawa a burodi. Kowa ya san mai da ruwa ba sa haɗuwa. Amma gwaiduwar ƙwai tana da wani sinadari mai riƙe su tare. Ana kaɗa gwaiduwa da ɗan lemun tsami, a riƙa ɗiga mai kaɗan kaɗan ana kaɗawa, har ya yi kauri. In aka zuba man da yawa lokaci ɗaya, sai ya tsinke. Juliya ta yi ta yin mayonez kwana da kwanaki, tana auna kome, tana rubutawa, don ta san yawan man da gwaiduwa ɗaya za ta iya ɗauka. Ta yi har ita da Pol suka kasa ci, ta riƙa zubarwa.

Duk da wannan ƙoƙari, da aka yi jarrabawa, ta faɗi. Ta shirya wa abubuwa masu wuya, sai aka tambaye ta ƙananan girke-girke na littafin masu farawa, waɗanda ba ta haddace ba. Ta yi fushi ƙwarai. Da fushin ya huce, ta sake zama, ta ci. Ta samu takardarta ta shaida a 1951.

Littafin da ya ci shekara kusan goma

A Paris Juliya ta gamu da wasu Faransawa mata biyu, Simone Beck da Louisette Bertholle. Su uku suka buɗe ƴar makaranta a madafar gidan Juliya, suna koya wa matan Amurka mazauna Paris girki. Matan nan biyu sun riga sun fara rubuta littafin girkin Faransa don Amurkawa. Amma masu buga littafi sun ce musu sai sun samu Ba'amurke ya sa hannu, wanda ya san kasuwar Amurka da madafar Amurka. Juliya ta karɓi aikin.

Da ta duba rubutun, ta ga matsala. Mace Bafaranshiya ta koyi girki wurin uwarta, in an ce mata "zuba gari kaɗan, dafa har ya nuna", ta gane. Wadda ba ta taɓa gani ba fa? Nawa ne kaɗan? Yaya za ta san ya nuna? Ban da wannan, Faransawa suna auna kaya da giram a ma'auni, Amurkawa kuwa da kofi da cokali suke aunawa. Garin alkamar Amurka ya fi na Faransa danƙo, saboda haka in an bi awon Faransa, abin ba zai fito daidai ba. Kifayen tekun Faransa ba su ne na tekun Amurka ba, sai an nemo wanda zai maye gurbin wani.

Juliya ta yanke shawara ba za ta sa girki ko ɗaya cikin littafin ba sai ta gwada shi da hannunta, sau da yawa, da irin kayan da ake samu a kantunan Amurka. Ta sa aka riƙa kawo mata garin Amurka. Takan dafa, ta ɗanɗana, ta rubuta, ta sake. In abu ya lalace, sai ta nemi dalili, ta rubuta yadda za a gyara shi. Wannan shi ne abin da ya bambanta littafinta da sauran. Yawancin littattafan girki suna faɗin yadda ake yi in kome ya tafi daidai. Nata yana faɗin abin da za a yi in miya ta tsinke.

Ana cikin haka aka yi ta canza wa Pol wurin aiki. A 1953 suka koma Marsai, bakin tekun kudancin Faransa. A 1954 suka koma Jamus, a 1956 Washinton, a 1959 Oslo ta ƙasar Norwe. Ko'ina suka je, Juliya ta kafa tukwanenta da keken rubutunta. Ita da Simone suka riƙa aika wa juna wasiƙu ta gidan waya, ɗaruruwa, wani lokaci har da gardama mai zafi a kan cokali ɗaya na gari.

A 1958 suka kai rubutun ga wani kamfanin buga littattafai na birnin Boston. Shafi ɗari bakwai da wani abu, kuma duk a kan miya da naman tsuntsaye kawai! Kamfanin ya ce wannan ba littafin girki ba ne, ƙamus ne. Suka koma suka rage, suka ƙara sauran abinci, suka sake kaiwa a 1959. Aka sake ƙi. Aka ce buga shi zai ci kuɗi, kuma matan Amurka abin da ake dafawa da sauri suke so. Akwai gaskiya a wannan magana. A zamanin nan abincin gwangwani da abincin firigo wanda sai ɗumamawa kawai sun cika kantunan Amurka, ana ta tallarsu. Juliya ta yi baƙin ciki. Shekara bakwai na aiki ga shi zai tashi a banza.

Wata ƙawarta ce ta cece ta, Avis DeVoto. Yadda suka san juna abin dariya ne. Mijin Avis marubuci ne, ya taɓa rubuta a wata mujalla cewa wuƙaƙen Amurka ba su da kaifi. Juliya ta karanta a Paris, ta sayi ƴar wuƙar Faransa, ta aika masa. Matarsa ce ta amsa wasiƙar, daga nan suka ƙulla zumunci. Avis ta kai rubutun kamfanin Knopf a Niyok. Can ya faɗa hannun wata matashiya, Judith Jones, wadda ita ma ta taɓa zama a Paris. Judith ta tafi da shi gida, ta zaɓi girkin naman shanu da ake kira boeuf bourguignon, ta bi bayanin layi layi.

Ga irin bayanin da ta tarar. Kafin a soya nama, a goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. In da ruwa a jikinsa, ba zai soyu ba, sai dai ya turara, kuma ba zai yi ja ba. Kada a cika kasko, a soya kaɗan kaɗan, don in naman ya yi yawa kaskon zai huce. Jan nan da nama ke yi shi ke ba miya ɗanɗano. Bayan haka a dafa shi kan ƙaramar wuta awa biyu da rabi ko uku. Faransawa suna dafa wannan nama da giyar inabi da ɗan naman alade, kamar yadda suke yi a girke-girkensu da yawa. Wanda ba ya cin waɗannan ba zai dafa shi haka ba, amma maganar busar da nama da rage wuta tana aiki a kowace tukunya.

Naman Judith ya fito kamar wanda ta ci a Paris. Ta shawo kan shugabanninta. Littafin ya fito a watan Oktoba na 1961, da suna Mastering the Art of French Cooking, wato ƙwarewa a girkin Faransa. Yana da girke-girke 524. A kowane shafi, kayan da ake bukata suna hagu, aikin da za a yi da su yana dama, daidai inda za a bukace su. Juliya tana da shekara 49. Littafin ya zo a kan kari, don a wannan shekarar ce shugaban Amurka, Kennedy, ya ɗauki kuku Bafaranshe a fadarsa, mutane kuma suka fara sha'awar abin Faransa.

A talabijin

Pol ya bar aiki, suka zauna a garin Cambridge, kusa da Boston. A 1962 wata ƙaramar tashar talabijin ta ilmantarwa, WGBH, ta gayyaci Juliya ta yi magana a kan littafinta. Ta ga zama a yi ta surutu ba zai yi amfani ba, gani ya kori ji. Ta zo da ƴar murhunta ta lantarki, da kasko, da ƙwai. Ta soya omlet a gaban masu kallo. Ba irin wanda mai shayi ke yi da albasa da tumatir ba ne. Na Faransa ƙwai biyu ko uku ne, da man shanu, da kasko mai zafi, ana girgiza kaskon, kafin rabin minti an gama, cikinsa da sauran laushi. Mutane suka rubuto wasiƙu, suna cewa a maido da wannan doguwar mata.

Haka aka fara shirin The French Chef, wato kukun Faransa, ran 11 ga Fabrairu 1963. Tashar ba ta da kuɗi. Ana ɗaukar shirin rabin awa a tafi ɗaya, ba a tsayawa, ba a yankewa. In an yi kuskure, kowa zai gani. Pol yana bayan fage, yana ɗaukar kaya, yana wanke kwanoni. Muryar Juliya kuma wata iri ce, tana hawa tana sauka, tana haki. Wata rana ta so ta juya wainar dankali ta hanyar jefa ta sama, sai rabinta ya zube a kan murhu. Ba ta ruɗe ba. Ta kwashe, ta maida cikin kasko, ta gyara, ta ce wa masu kallo in mutum shi kaɗai ne a madafa, wa zai gani? Ta kuma bayyana dalilin zubewar: ba ta jefa da gaba gaɗi ba.

Abin mamaki, irin wannan kuskure ne ya sa aka ƙaunace ta. Matar da ke kallo a gida sai ta ce, ashe ita ma tana ɓatawa, to ni ma zan gwada. Kantuna suka ga ana neman kasko da wuƙa da abin kaɗa ƙwai irin nata. A ƙarshen kowane shiri takan zauna a teburi ta ce "Bon appétit!", wato a ci lafiya. Shirin ya yi shekara goma, har 1973. A 1966 ya samu lambar Emmy, babbar lambar talabijin ta Amurka, kuma mujallar Time ta sa hoton Juliya a bangonta. A 1972 ya zama shiri na farko a Amurka da aka sa wa rubutu a ƙasa don kurame.

A 1968 likita ya gano tana da sankarar mama. Aka yi mata aiki, ta warke, ta koma madafa.

Dogon burodi

Yaran Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun san dogon burodin nan mai ɓawo, wanda ake saye da safe. Daga Faransa ya zo, sunansa baguette, wato sanda. Kayansa huɗu ne: garin alkama, ruwa, gishiri da yis. Amma yin sa a gida ya gagari Juliya da Pol. Sun yi ta gwadawa wata da watanni, suka ƙarar da gari wajen kilo 130, burodin yana fitowa ba ɓawo.

Sai suka tafi Faransa wurin wani malamin burodi, Raymond Calvel. Ya nuna musu kuskurensu cikin yini ɗaya. Ƙullun ya kamata ya yi laushi, kada ya yi tauri. A bar shi ya tashi a hankali, awa da yawa, a wuri marar zafi ƙwarai, don a nan ɗanɗano ke shiga. A naɗe shi yadda fatarsa za ta ɗame. Sauran asirin yana cikin tanderu. Tanderun gidan burodi yana da daɓe mai zafi, kuma ana sakin tururi a ciki. Tururin ne ke hana fatar burodi bushewa da wuri, sai ya kumbura sosai, daga baya ya yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras. Tanderun gida ba shi da ko ɗaya. Pol ya yi dabara. Ya shimfiɗa fale-falen yumɓu a ciki a madadin daɓe. Ya gasa bulo har ya yi zafi, ya jefa shi cikin kwanon ruwa a ƙasan tanderun, tururi ya tashi. Burodi ya fito. Bayanin ya shiga littafi na biyu, wanda Juliya da Simone suka fitar a 1970, kuma shi kaɗai ya ci shafi wajen ashirin.

Ba kowa ne ya yaba mata ba. Wasu sun ce girkinta yana cin lokaci, yana cin kuɗi, ba na talaka ba ne. Wannan gaskiya ne a kan girke-girke da yawa. Wasu kuma, da likitoci suka fara gargaɗi a kan kitse, sun ce man shanunta ya yi yawa. Ita kuwa ba ta bar man shanu ba. Takan ce a ci kome, amma kaɗan kaɗan.

Tsufanta

Juliya ta ci gaba da rubutu da shirin talabijin har ta wuce shekara tamanin. Ita da Pol ba su samu haihuwa ba. Pol ya rasu a 1994, bayan doguwar jinya. A shekarar 2000 Faransa ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur, a 2003 kuma Amurka ta ba ta lambar ƴanci ta shugaban ƙasa.

A 2001 ta bar gidan Cambridge ta koma Kaliforniya. Ta ba da madafarta kyauta ga gidan tarihin Amurka da ke Washinton. Aka kwashe ta duka, aka sake kafa ta can, mutane suna zuwa kallo. Teburan aikin sun fi na sauran gidaje tsawo, don Pol ya sa an yi su daidai tsayin matarsa. A bango akwai allo mai ƙananan ramuka inda ake rataye kasko da tukunya. Pol ya zana siffar kowane ɗaya a kan allon, don in an ɗauka a san inda za a maida shi.

Ta rasu ran 13 ga Agusta 2004, da ciwon ƙoda, saura kwana biyu ta cika shekara 92. Abincinta na ƙarshe romon albasa ne irin na Faransa. Ana yanka albasa da yawa, a soya ta a hankali cikin man shanu har ta yi ja ta yi zaƙi, a zuba romon nama, a ɗora gasasshen burodi da cuku a kai.

A 2009 aka yi fim a kan rayuwarta, Julie & Julia, inda Meryl Streep ta fito a matsayinta. Mutane suka fita daga silima suka nufi kantin littattafai. A wannan shekara, littafin nan da aka ƙi sau biyu ya hau kan gaba a jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times, shekara 48 bayan fitowarsa.